Wanda Zai Gaya wa Inna Jummare

Haladu yana tsakiyar kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan, wajen da 'yan ƙwadago ke taruwa da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Lokacin yankan riɗi ne, kuma riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna aka yi masa jinkirin kwana uku, sai ya buɗe baki ya zubar da kansa a ƙasa. Shi ya sa Haladu, wakilin gonar Abuelgasim da ke hanyar Basunda, yake tsaye tun bayan asuba yana zaɓen masu lauje, yana lallashinsu da Larabci, yana zaginsu a zuci da Hausa. Mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, gemu ya fara furfura, ga tumbi daidai gwargwado, amma har gobe Auta uwarsa take ce masa.

Husain ne a wayar, ɗan kawunsa Maliki, daga Mafaza.

"Addawamu lillah, Yaya Haladu. Baba ya cika ɗazu bayan sallar asuba."

Haladu ya yi salati, ya nemi buhun dawa ya zauna a kai. Husain ya ce za su kai shi kafin sallar Juma'a, zafi ba zai bari a jira mutanen Gadarif ba. Sannan ya rage murya.

"Saura Gwaggo. Kai za ka gaya mata. Ka dai san yadda ake yi."

Ya sani, kuma sanin ne ya ɗaga masa hankali. Baƙin cikin mutuwar kawunsa ma sai da ya matsa gefe ya ba wannan damuwar wuri.

A Gadarif Bahaushiya ake ce wa Jummare, uwar Haladu, Larabawa kuma su haɗa ta da kowa su ce Fallata. Amma iyayenta ba Hausawa ba ne. Daga wani ƙauye suka fito a cikin duwatsun ƙasar Bauchi, gida bakwai, a ƙafa, da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Rahad, suka ce bari su yi noman damina ɗaya a Mafaza sannan su ƙarasa. Har yau ana cikin wannan damina ɗayar. Sun zo da yarensu, wanda a tsakaninsu ba su kiransa da komai sai maganar gida. 'Ya'ya suka auri Hausawa, jikoki suka shiga makaranta suka fito da Larabci, tsofaffi suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Gida bakwai ya koma mutum biyu, Jummare a Gadarif da ƙanenta Maliki a Mafaza, sai wayar da ke haɗa su duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In suka fara, tsohuwar da ba ta cika magana ba sai ta koma yarinya, tana dariya tana dukan cinya, har Salwa matar Haladu ta ce an kunna rediyon dutse.

To a wajen mutanen nan, ba a faɗin mutuwar ɗan'uwa na jini da bakin wasu. Sai da maganar gida, kuma sai na gida ya zo da ƙafarsa, ya tuɓe takalmi, ya ba mutum ruwa ya sha, ya zauna, sannan ya faɗi wasu kalmomi da aka gada a jere. Haladu ya ga abin sau ɗaya a rayuwarsa. Yana ɗan shekara goma sha tara tarakta ta kife da ubansa a gona, wani direba ya tsaya a ƙofar gida, ko injin bai kashe ba, ya ƙwala labarin da Larabci ya wuce. Jummare ba ta yi kuka ba. Aka yi jana'iza, mata suka cika gida suna koke-koke, ita tana zaune ido a bushe har aka fara tsegumi. Sai a kwana na biyu Maliki ya iso daga Mafaza, ya tuɓe takalmi, ya miƙa mata ruwa, ya sake gaya mata abin da duk unguwa ta riga ta sani. A nan ta fashe. Daga baya ta ce wa Haladu, mutuwar da aka jefo mata daga kan mota ba ta san inda za ta ajiye ta a jikinta ba.

Yau ga shi Maliki ne da kansa ya tafi, kuma shi kaɗai ne ya iya faɗa. Ga shi kuma Juma'a ce. Da an sauko daga masallaci Jummare za ta miƙa hannu ta ce a ba ta wayarta.

Haladu ya kira Salwa. Ya ce ta ɗauke wayar Inna ta ɓoye, ta tura ƙofar gida, duk matar da ta zo da fuskar gaisuwar mutuwa ta mayar da ita daga zaure. Salwa ta ce tamam, ta ji, ta tambaye shi abin da zai yi. Ya ce bai sani ba tukuna.

Abuelgasim, mai gonar, yana gefe yana shan shayi, ya ji komai. Ya yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce masa da Larabci:

"Ya zol, bawan Allah, kada ka wahalar da kanka. Mutuwa mutuwa ce. Ka je ka ce mata Allah ya karɓi ƙanenta, halas, shi ke nan. Kakata ma tana da rutanarta ta can arewa, ta tafi da ita kabari. Me ya same mu? Ga mu muna ci muna sha."

Rutana shi ne sunan da ake laƙaba wa duk yaren da ba Larabci ba, kuma ba sunan yabo ba ne. Haladu bai ji haushi ba, don shi ma ya sha faɗin irin wannan magana, har a gaban uwarsa. Yana yaro a makaranta an taɓa zane shi saboda rutana, shi kuwa har guda biyu yake ɗauke da su, maganar gida da Hausa. Ya dawo gida ya yar da ɗaya gaba ɗaya, ya riƙe rabin ɗayar. In Jummare ta yi masa maganar gida sai ya amsa da Larabci, yana hura hanci, har ta gaji ta bari.

"Da kakar taka ta tsufa, da wa take hira?" in ji Haladu. Ba gardama yake nema ba, so yake ya sani.

Abuelgasim ya juya kofin shayin a hannunsa.

"Shekarunta na ƙarshe ba ta magana. Mun ɗauka kurumta ce." Ya ajiye kofin ya miƙe. "Tafi. Ni zan ɗebi ma'aikatan."

Haladu ya ratsa layin masu buhuna ya nufi rumfar Hafizu mai huluna da turare. Hafizu yana da dangi a Kano, kuma ba a taɓa tambayarsa wani mutum a duniya ya ce bai san wanda ya san shi ba. Tunanin Haladu mai sauƙi ne. In yaren ya ƙare a Sudan, ai bai ƙare a inda aka ɗebo shi ba. Sai a samu wani dattijo a can ƙauyen ya karanto masa kalmomin ta waya, shi kuma ya haddace su kafin azahar.

Hafizu ya tura hula gaba ya hau aiki. Ya kira Kano, Kano ta ba shi lambar wani direba a Bauchi, direban ya haɗa shi da wani malamin firamare da ke koyarwa a gindin dutsen. Duk wannan sai da ya ci fiye da awa guda, layi yana yankewa, Haladu yana duban rana yana kai gwauro yana kai mari a bakin rumfa. Malamin ya ji bayani, ya ce shi dai Hausa ya tashi ya ji ana yi a garin, amma akwai wani tsoho da ke zama a ƙofar masallaci, ya haura casa'in, bari ya hau babur ya kai masa wayar.

Muryar tsohon ta fito siririya, da Hausa tsantsa wadda ta fi ta Haladu kyau nesa ba kusa ba. Ya ce eh, ya san yaren, ai nasu ne. Ya ƙirga daga ɗaya zuwa shida, a bakwai ya tsaya ya yi dariya. Ya faɗi sunan akuya, ya faɗi sunan gero. Da Haladu ya tambaye shi yadda ake faɗin mutuwa, sai ya ce:

"Kakata ta iya wannan. Na ga tana yi, da ruwa a ƙwarya. Mu yanzu a lasifikar masallaci ake sanarwa, ɗana." Ya numfasa. "Ka ce akwai mai jin sa a Sudan? Da ranta? To don Allah ka gaishe ta. Ka ce mata mutanen gida suna gaisuwa."

Ko gaisuwar da Hausa ya aiko ta. Mu da muke kuka a Gadarif cewa Larabci yana cinye wa 'ya'yanmu Hausa, ashe a can gida Hausar ce ta yi wa wasu irin wannan cin, ta lashe kwano. Ban ga abin taƙama a ciki ba. Haladu ya miƙa wa Hafizu wayarsa, ya fita ya tari raksha, mai ƙafa ukun nan da ke yawo da mutane cikin gari.

A hanya ya shiga laluben abin da ya rage masa a kai. Ya tarar da ruwa, da zo, da zauna, da ci, da bari. Ya tarar da kawu, da barci, da tafi. Akwai kuma wata kalma da take jefa masa in ya yi taurin kai, wadda har yau bai san ainihin ma'anarta ba, ya dai san ba addu'a ba ce. Duk kalmomin da ake yi wa yaron da bai daɗe da yaye ba ne, don a nan ya tsaya. Kunya ta kama shi a cikin rakshar, irin wadda bai taɓa ji ba, har ya kau da kai daga madubin direba.

Salwa ta buɗe masa ƙofa ido jawur. Ta ce mata biyu ta mayar, kuma Inna ta tambayi wayarta sau ɗaya, ta ce mata tana caji.

Jummare tana ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gida, zaune a tabarma, da faifan riɗi a cinya. Shekara arba'in ta yi a kasuwar Gadarif cikin matan da ke gyara wa 'yan kasuwa riɗi da dawa. Yanzu ido ya yi rauni, sai dai ta ga mutum kamar inuwa, amma yatsun nan ba su tsufa ba. Takan shafa riɗi sau ɗaya ta tsamo tsakuwar da mai ido biyu ya duba ya wuce. Har yanzu maƙwabta suna kawo mata nasu, ba don tausayi ba, don ba su da wanda ya kai ta. 'Yar ƙaramar mace ce, duk ta shanye, amma zamanta a miƙe yake.

Haladu ya ɗebo ruwa a randa. Ya zo bakin rumfar ya tuɓe takalmi. Ƙarar takalman da ya ajiye ba ta kai ta kawo ba, amma yatsun Jummare suka tsaya cak a cikin riɗin. Ya durƙusa ya miƙa mata kwanon da hannu biyu. Ba ta tambaye shi me ya dawo da shi gida da rana tsaka a lokacin yankan riɗi ba. Ta ajiye faifan a gefe, ta karɓa, ta sha, ta mayar masa.

Ya buɗe baki, ya fito da abin da yake da shi, ɗaya bayan ɗaya, da maganar gida.

"Kawu," ya ce. "Barci. Tafi."

Rabon da ta ji wannan yaren daga bakinsa shekara arba'in da wani abu. Yana jiran ta faɗi ko ta yi ihu, sai ta yi masa magana da Hausa, murya a daidaice.

"Wa ya koya maka wannan shirmen, Auta?"

"Inna, iyakar abin da na sani ke nan. Na nema har Bauchi, wallahi. Babu."

"Maliki ya yi shekara saba'in da takwas a duniya. Ba za a sallame shi da maganar 'yan yaye ba. Gyara zama. Abin da na faɗa, ka faɗa."

Ta fara. Takan faɗi gaɓa ɗaya da maganar gida, ya maimaita, sannan ta gaya masa ma'anarta a taƙaice, wai don ya san abin da yake ɗauke da shi. Ta farko: ni ne, ɗan gidan nan, da ƙafata na zo, ba aiko ni aka yi ba. Ta biyu: ki dafa ƙasa da hannu biyu, ƙasa ba ta motsi. Ta uku ita ce mai nauyin: wanda kuka sha nono ɗaya ya ajiye fartanyarsa, ya riga ki isa gida. Ta huɗu: bai tafi da yunwa ba, bai tafi da fushinki ba, nasa ne suka rufe masa ido.

Harshen Haladu ya saba da Larabcin kasuwa, ya ƙi lanƙwasuwa. Akwai wani sauti a gaɓa ta uku da ake fitarwa daga can ƙasan maƙogwaro, sau biyar tana mayar da shi baya. A na huɗu har ta jefa masa kalmar nan ta taurin kai. Ita ce ke faɗin mutuwar ƙanenta da bakinta, tana nanatawa, tana gyara wa wani, kuma muryarta ba ta karye ba ko sau ɗaya. Hannayenta ne kawai ta dunƙule a cikin zane. Haladu ya yi aiki da maza masu yini suna yanka a rana ba su ce wash ba, amma bai taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba. Sonta da girmanta suka cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa kansa. Salwa tana bakin madafa, ta toshe baki da mayafi.

Ana cikin haka ladan ya kira sallar Juma'a. A Mafaza, war haka an riga an dawo daga maƙabarta.

Da ya iya jera gaɓoɓin huɗu ba tuntuɓe, Jummare ta gyaɗa kai. Ta laluba ta jawo faifan riɗinta ta ɗora a cinya.

"To tashi ka fita, ka sake shigowa. Ni ban ji komai ba tukuna."

Haladu ya miƙe. Ya sa takalmi, ya koma wajen randa, ya zubar da sauran ruwan ya ɗebo sabo. Da ya juyo ya tarar ta ci gaba da tsince riɗinta, kamar kowace Juma'a, kamar matar da ke jiran a sauko daga masallaci ta kira ƙanenta. Ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa ya miƙa ruwa, ta sha. Ya zauna a gabanta ya faɗa mata, shi kaɗai, babu mai tayawa. A gaɓa ta biyu ta sauke faifan ta dafa ƙasa da tafukanta. A ta uku muryarsa ta so ta ƙwace, ya riƙe ta, sautin nan mai wuya ya fito daidai. Ya ƙarasa ta huɗu yana kallon hannayenta.

Sai ta ɗago ta yi masa wata 'yar gajeriyar tambaya da maganar gida, wadda ba ta cikin abin da ta koya masa. Ya tsaya yana dubanta. Ta jira kaɗan, sannan ta fassara masa a hankali.

"Cewa na yi, wa ya rage mini? Haka ake tambayar mai kawo labari. Wannan ba a koyar da amsarsa."

Ya tuna ranar ubansa, yadda Maliki ya daɗe yana jero mata sunaye a daidai wannan wurin, duk mutanen da a lokacin za ta iya kira ta yi maganar gida da su. Babu ko ɗaya a raye yanzu. Zai iya ce mata ga Husain, ga Salwa, ga jikoki cike da gida a Gadarif da Mafaza, kuma duk gaskiya ne, amma ya san ba abin da take tambaya ba ke nan. Shi kuwa abin da ya mallaka bai wuce kalmomin yaye da gaɓa huɗu na ranar mutuwa ba, ga furfura a gemu, ga uwa mai shekara tamanin da ɗoriya. Ya san in ya amsa, ya ɗauki alkawarin da sai ya zauna a tabarmar nan duk ranar Allah yana koyon maganar gida kafin ya cika ko rabinsa. Ya ɗauko kalmar farko ta gaɓar farko, ya ba ta da maganar gida.

"Ni."

Jummare ta daɗe tana fuskantarsa da idanun nan da ba sa gani sosai. Sannan ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta kama wuyan rigarsa da hannu biyu, ta fara kukan ƙanenta.